Buea, Garin da Aka Ɗauke wa Kujera Sau Biyu

Sau biyu garin Buea na ƙasar Kamaru ya zama mazaunin gwamnati, sau biyu kuma aka ɗauke masa kujerar. Na farko a zamanin Jamusawa ne, daga 1901 har yaƙin duniya na ɗaya ya kore su. Na biyu daga 1954 zuwa 1972, lokacin da garin ya riƙe majalisar dokoki da firimiyan yankin da Ingila ta mulka. Masu ba da labarin garin kan haɗa waɗannan zamunna biyu su kira su abu ɗaya, wai tsohuwar ɗaukakar mulkin mallaka ce da zamani ya shafe, mutanen wurin kuma suka kasa haƙura. A ganina wannan haɗawa kuskure ce mai tsada, domin wanda bai bambance su ba ba zai gane dalilin da ya sa ake zubar da jini a wannan yanki tun 2017 ba. Rashin farko bai rage wa mutanen ƙasar komai ba, tunda kujerar ba tasu ba ce. Rashi na biyu shi ne ya yi musu ciwo, saboda a cikin shekarun nan goma sha takwas sun mai da gidan da baƙo ya gina wa kansa ya zama zauren da suke yanke al'amuransu da bakinsu.

Tun farko, sanyin iska ne ya sa aka zaɓi Buea. Garin yana maƙale ne a gefen Dutsen Kamaru, dutse mai aman wuta wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, wanda mutanen wurin, wato Bakweri, suke kira Fako. Daga bakin teku zuwa garin tafiyar 'yan miloli ce, amma hawa ne tsantsa, har shi kansa babban titin garin bai san kwari ba: yana tashi daga tashar Mile 17, ya ratsa Molyko da Soppo da unguwar akawuna, ya ƙare a tsohon barikin gwamnati, inda da damina hazo kan sauko ya rufe rufin gidaje tun kafin la'asar. Jamusawa sun kafa tutarsu a Duwala ne a 1884, bayan yarjejeniya da sarakunan Bell da Akwa, to amma Duwala fadama ce mai zafi da sauro, zazzaɓi yana kwashe ma'aikatansu. Gwamna Jesko von Puttkamer ya duba sama ya ga inda Bature zai yi barci da bargo, ya kiwata shanun madara, ya shuka kayan lambun ƙasarsa, sai ya kwashe gwamnati ya hau da ita a 1901. Babu kasuwa babba a wurin, babu kogin da jirgi zai shiga, babu mahaɗar hanyoyin fatake. Hedikwata ce da aka gina domin lafiyar masu mulki, nesa da yawancin waɗanda ake mulka.

Kafin a kai ga haka sai da aka karya masu ƙasar. A 1891 Bakwerin Buea, ƙarƙashin jagoransu Kuva Likenye, sun tare rundunar Jamus suka kashe kwamandanta Karl von Gravenreuth, abin da ya ba Jamusawa kunya ƙwarai. A 1894 aka dawo musu da shiri mai ƙarfi, aka ci garin, daga nan aka shiga rabon ƙasar. Ƙasar gindin dutsen baƙa ce mai albarka saboda tokar aman wuta, sai aka yanka ta manyan gandaye aka miƙa wa kamfanonin Jamus, aka shuka koko, daga baya roba da kwakwar manja da ayaba, aka tattara Bakweri a 'yan keɓaɓɓun filaye, aka riƙa kawo leburori daga cikin ƙasa, da yawansu ba da son ransu ba. A kan wannan ne Puttkamer ya gina fadarsa mai kama da gidajen sarautar Jamus, wadda har yau tana tsaye, tare da maɓulɓular ruwan da aka gina don tunawa da Bismarck, da barikin soja a Soppo. Mai karatu daga ƙasar Adamawa yana da alaƙa da wannan tudu ko da bai taɓa ganinsa ba. A shekarar da gwamnati ta koma Buea ne Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita gabas, sojojin Jamus suka gwabza da shi a Garwa, sannan a Marwa a farkon 1902 ƙarƙashin Hans Dominik, mutumin da ya yi yaƙin Buea shekaru bakwai kafin nan. Buea ta zamanin Jamusawa ke nan, hedikwatar farko. Ko dutsen da aka jingina da shi bai bar ta ta zauna lafiya ba, don a 1909 ya yi girgiza da aman da ya sa gwamnati ta sauka Duwala na ɗan lokaci.

Da Ingilishi suka shiga Buea a ƙarshen 1914, aka kuma raba Kamaru bayan 1916, Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar ta zauna a Yawunde, Ingila ta ɗauki siririn yanki a kan iyakar Nijeriya. Buea ta koma mazaunin Razdan na lardi guda, wanda ake juyawa daga Legas, daga baya daga Inugu. Yankin arewa na rabon Ingila, su Dikwa da Mubi, shi kuma aka haɗa shi da lardunan Arewacin Nijeriya, bai taɓa karɓar umarni daga Buea ba. Babu dalilin da zai sa ɗan Bakweri ya yi kukan wannan faɗuwa, musamman da yake ƙasarsa ba ta dawo ba: a gwanjon da aka yi a Landan a 1924 Jamusawa ne suka sake saye yawancin gandayen, suka ci gaba da noma su har yaƙi na biyu ya ɓarke.

Abin da ya sauya matsayin garin ya faru ne a 1953, lokacin rikicin majalisar Jihar Gabas. Wakilan Kudancin Kamaru, wato yankin kudu na rabon Ingila, da ke zama a Inugu suka ce ba su da hannu a faɗan 'yan siyasar Nijeriya, suka nemi a ba su tasu majalisar. A 1954 aka ba su, aka buɗe ta a Buea, Dakta Emmanuel Endeley, likita ɗan Bakweri haifaffen garin, ya zama jagoran gwamnati, sannan firimiya a 1958. A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. A zaɓen Janairun 1959 jam'iyyar adawa ta KNDP, ƙarƙashin John Ngu Foncha, malamin makaranta daga tsaunukan Bamenda, ta ci kujeru 14, ɓangaren Endeley ya sami 12. Ratar kujeru biyu ce kawai, irin wadda a wurare da yawa kan zama mafarin gardama da ƙone-ƙone. Endeley ya tattara takardunsa ya koma kujerar jagoran adawa, Foncha ya hau. Wannan ya faru ne tun Nijeriya ba ta sami 'yanci ba, a lokacin da sauya gwamnati ta hanyar ƙuri'a abu ne da ba kasafai aka gan shi a Afirka ba. Bayan shekara ɗaya aka ƙara majalisar sarakuna. Leburan gandun ayaba a Tiko da manomin kofi a Kumbo sun ga da idonsu cewa takardar da suka jefa a akwati ta sauke mutum daga tudun nan ta ɗora wani. Gine-ginen na Jamus ne, tsarin majalisar na Ingila ne, amma gardamar da ake yi a ciki da hukuncin da ake yankewa na 'yan ƙasa ne.

Sai ƙuri'ar raba gardama ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 1961, wadda ta ba mutane zaɓi biyu kacal, ko Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru, wato tsohon rabon Faransa, babu na tsayawa da ƙafarsu. Arewa ta zaɓi Nijeriya da ƙuri'u 146,296 a kan 97,659, ta zama Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Kudu ta zaɓi Kamaru da ƙuri'u 233,571 a kan 97,741. Sharaɗin da aka shiga da shi, wanda aka tattauna a Fumban a Yulin wannan shekara, shi ne tarayya mai jihohi biyu, Buea ta ci gaba da zama hedikwatar Kamaru ta Yamma, firimiya ya zauna a tsohuwar fadar Puttkamer. Daga nan aka fara zaizayar tarayyar sannu a hankali. Shugaba Ahmadu Ahijo ya ajiye sufeton tarayya a Buea wanda ba ya amsa wa firimiya sai shugaban ƙasa. Aka janye fam aka kawo sefa, aka mai da tuƙin mota hannun dama. A 1966 aka narkar da jam'iyyu duka cikin guda ɗaya, a 1968 Ahijo ya sauya firimiya Augustine Ngom Jua da Solomon Tandeng Muna. Ranar 20 ga Mayun 1972 aka yi wata ƙuri'ar da aka ce kashi 99.99 cikin ɗari sun amince a soke tarayya, alhali kundin tsarin mulkin 1961 yana da sashe, na 47, wanda ya hana duk gyaran da zai taɓa ita tarayyar. Kuma ƙasar duka aka sa ta jefa ƙuri'ar, ma'ana masu rinjayen kashi huɗu cikin biyar su ne suka yanke hukunci a kan garkuwar da aka yi wa kashi ɗayan da ya rage. Majalisa ta rufe, aka raba yankin lardi biyu, aka turo wa Buea gwamna naɗaɗɗe daga Yawunde.

Akwai masu cewa duk wannan kuka a kan gadon Turawa ake yin sa. Ingilishi da Faransanci duk harsunan baƙi ne, iyakar da ta raba yankunan biyu Turawa ne suka ja ta a 1916 da 1919, Bakweri kuwa 'yan'uwan mutanen Duwala ne na jini da harshe, to don me za a mutu a kan bambancin da shekaru arba'in da 'yan kai suka haifar? Maganar tana da nauyi, amma ita kanta Kamarun da ake so a haɗe a cikinta Jamusawa ne suka zana ta, kuma ba ta fi shekaru talatin da biyu a hannunsu ba. In gadon baƙo ba ya zama na mutum, to babu wanda ke da hujja a ɓangarorin biyu. Abin da ake faɗa a kansa kuma ya wuce harshe. Lauyan da ya karanci tsarin shari'ar Ingila, inda hukuncin alƙalan baya yake zama hujja, in aka turo masa alƙalin da ya taso a tsarin Faransa kuma ba ya jin Ingilishi sosai, wanda yake karewa ne zai kwana a kurkuku. Uwar da ɗanta ke shirin jarrabawar GCE, in aka turo malamin da aka horar don wata jarrabawa dabam, ita ta san abin da ta yi asara. Waɗannan su ne ainihin ƙorafe-ƙorafen da lauyoyi da malamai suka fita yajin aiki a kansu a ƙarshen 2016, kuma a zamanin da Buea take da majalisa akwai inda za a kai su a saurara.

Mai karatu a Nijeriya zai iya kawo hujjar da ta fi wannan kaifi. Zungeru ta rasa hedikwatar Arewa ga Kaduna, Damagaram ta rasa ta Nijar ga Yamai a 1926, ita Kaduna kanta Janar Gowon ya rage mata iko a 1967 da ya yanka jihohi goma sha biyu, amma ba a ɗauki bindiga a kan rashin ko ɗaya daga garuruwan nan ba. Zungeru da Damagaram irin rashin Buea na farko ne suka yi, ofisoshin Bature ne suka tashi, Damagaram ma ta ci gaba da riƙe sarautarta da ta girmi zuwan Faransawa. Kaduna kuwa ikonta rarraba shi aka yi zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori, tarayya ta tsaya, kuma da mulkin farar hula ya dawo a 1979 kowace jiha ta zaɓi gwamnanta da majalisarta. A Buea ikon bai sauko kusa da jama'a ba, tattara shi aka yi aka kai nesa. Ahijo ya kafa hujja da cewa ƙasa matalauciya ba za ta iya ɗaukar gwamnatoci uku da majalisu huɗu ba, kuma mutumin da ya kalli yaƙin Biyafara daga ƙofar gidansa yana da dalilin tsoron rarrabuwa. Ban ɗauki tsoron nan wasa ba. Sai dai abin da aka tanada ta hanyar rufe majalisar Buea bai kai ƙwayar abin da yaƙin yanzu ya cinye ba, rarrabuwar da aka ji tsoro kuma maganin da aka sha ne ya kawo ta.

Hujjar da ta fi wahalar amsawa daga cikin gida take fitowa, ita ce cewa zamanin 1954 zuwa 1972 ba zamanin zinare ba ne. Gaskiya ne. 'Yan siyasar Buea sun ɓata shekaru suna rigima a tsakaninsu kan wanda zai gaji Foncha, kuma da hannunsu suka sa hannu a jam'iyya ɗaya a 1966, kowa yana tsammanin shi zai fi kusa da Ahijo. Akwai tsamin da ya daɗe tsakanin mutanen gaɓar teku da mutanen tsaunukan Bamenda da suka sauko aikin gandu suka fi masu gida yawa. Sannan ga maganar ƙasar Bakweri. Bayan yaƙi na biyu Ingilishi suka tattara gandayen Jamusawa, sama da eka 200,000, suka damƙa wa kamfanin CDC wanda ya fara aiki a 1947, Bakweri suka kafa kwamitin neman ƙasarsu suka kai ƙara har Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin Buea ba ta mayar musu ba, kamar yadda ta Yawunde ba ta mayar ba, har aka sayar da gandayen shayi, ciki har da na Tole da ke gefen garin, a 2002. Duk wannan na yarda da shi. Amma gwamnati mai aibu wadda mutum zai iya saukewa, da gwamnatin da ba ya iya ko aika mata saƙo, ba ɗaya ba ne, kuma laifin shugabannin da suka sayar da ikon jama'a bai mai da cinikin halas ba.

Wani kuma zai nuna garin yadda yake a yau ya ce, ina asarar? Buea ta fi girma yanzu nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2005 ta ba ta mutane kusan 90,000, kuma ta ƙaru sosai tun daga nan. Jami'ar Buea, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1993 a kan tsarin jami'o'in Ingila, ta cika Molyko da ɗalibai da gidajen haya masu hawa da shagunan buga takardu, har matasa masu rubuta manhajar kwamfuta suka sa aka yi wa wurin laƙabin Silicon Mountain. Hukumar jarrabawar GCE tana garin. Tseren hawan dutse da aka fara a 1973 yana tara dubban mutane kowace shekara, Sarah Etonge ta ci shi sau bakwai. Amma jami'ar da hukumar jarrabawar ba kyauta aka ba da su ba, sai da iyaye da malamai suka matsa lamba, a shekarun da aka yi babban taron masu amfani da Ingilishi a Buea, cikin Afrilun 1993, inda aka nemi a dawo da tarayya aka yi biris da su. Girman kuma bai zo da ikon gyara ko abu mafi sauƙi ba. A gindin dutsen da ɓangarensa na yamma, wajen Debundscha, yake cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, ana ganin ɗalibai da mata sun jera jarkoki a bakin famfo tun asuba, saboda ƙasar dutsen tana shanye ruwa, bututun kuma ba su bi yawan jama'a ba. Matasan manhaja su ma sun ga iyakarsu ranar 17 ga Janairun 2017, da aka yanke intanet a yankunan biyu masu amfani da Ingilishi na tsawon wata uku, har wasunsu suka riƙa sauka Duwala don su aika wa abokan cinikinsu aiki.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar ado. Ranar 1 ga Oktoban 2017 'yan aware suka ayyana ƙasar Ambazoniya suka ce Buea ce hedikwatarta, jami'an tsaro suka buɗe wuta, zanga-zanga ta rikiɗe yaƙi. An kashe mutane sama da 6,000, dubban ɗaruruwa sun bar gidajensu, dubun-dubata suna gudun hijira a Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Sojoji sun ƙone ƙauyuka. 'Yan bindigar da ke cewa don jama'a suke yaƙi sun rufe makarantu shekara da shekaru, sun sace malamai, sun yanke yatsun leburorin CDC, kuma babu tarihin da zai wanke wannan, balle tarihin majalisar da aka yi sunanta da sauya mulki ba tare da ɗigon jini ba. Ranar Litinin, ranar zaman gida dole da 'yan aware suka ƙaƙaba, mai shago a Soppo yana tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki: in ya buɗe 'yan bindiga su ƙone masa kaya, in ya rufe hukumar gari ta garƙame masa ƙofa.

Bayan babban taron ƙasa na 2019 gwamnati ta ba yankunan biyu abin da ta kira matsayi na musamman, aka kafa majalisar yanki a Buea mai zaure biyu, har da na sarakuna. Wannan kaɗai amincewa ce cewa abin da aka rufe a 1972 yana da muhimmanci. Sai dai kansiloli da sarakuna ne ke zaɓen 'yan majalisar, kuɗinta daga Yawunde suke zuwa, ikonta a kan makarantu da kotuna na ba da shawara ne, gwamna kuma har yanzu shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. Matuƙar ba a kai matsayin da mutumin Tiko ko na Kumba zai iya sauke mai mulkin yankinsa da ƙuri'arsa ba, kamar yadda kakansa ya yi a 1959, ina ganin masu ɗauke da bindiga a daji za su ci gaba da samun yaran da za su saurare su.